Nana Ya Ce

Bremaso, watan Maris, 1974

Uwata Birago,

Gaisuwa mai yawa daga kawunki Dankwa, wanda kika manta da shi tun da kika sa farar riga kika koma tsira wa mutanen Tamale allura. Ina fata kina lafiya, kuma zafin can bai gasa ki ba. Mu nan da sauƙi. Mahaifiyarki tana ta kukan gwiwa, amma ranar kasuwa sai ciwon ya tafi hutu. Yayanki Gyamfi ya gama sassabe a gonar koko, bakinsa kuwa yana nan yadda kika bar shi, ba ƙofa ba marfi.

Za ki ga rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan takarda. Da hannuna na yi shi, ban kai wa malamin makaranta ba, don maganar ba ta kunne uku ba ce.

Kin sha yi mini tsiya kina cewa aikina shi ne aron baki. To, haka ne. Tun kina goye nake riƙe da sandar ociyame, ni ne kakakin Nana, sarkin garin nan. Shi ba ya ɗaga murya a gaban jama'a. Yana magana ƙasa-ƙasa, ni in ɗauke ta in wanke ta in shafa mata mai, sannan in miƙa wa mutane. Kuma kin san akwai maganar da ba a kiran sunanta tsirara a Bremaso. Don haka ki karanta abin da zan faɗa da kunnen 'yar gida.

Harshen da nake cin abinci da shi ya kwanta. Ina buɗe baki magana tana fita, mutane suna cewa madalla, amma rijiyar da nake ɗebo ta ta ƙafe. Hannun dama ya yi nauyi, ƙafar dama sai an ja ta. Ido kuwa garau yake, yana ganin komai, kuma shi ne ma abin da ya hana ni sukuni.

Ku da kuka yi karatun asibiti, wannan abu yana da magani? Wanda ya same shi yana tashi? Ki ba ni amsa da wuri, kuma ki jefa wannan takarda a murhu.

Kawunki,
Dankwa

Tamale, watan Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin wasiƙarka ta zo.

Haba Kawu! Mutum yana kwance ba lafiya ma sai ya yi kwana-kwana? Harshe ya kwanta, hannun dama ya yi nauyi, ƙafa sai an ja ta. Wannan ai shanyewar ɓarin jiki ce, kullum ina ganinta a ɗakin maza. Jini ne ke hawa har wata jijiya ta toshe a kai. Yaushe ya same ka? Wa ke kula da kai? Na ga rubutunka ya karkace, na ce shi ke nan, da hannun da ya mutu yake rubuta mini. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Ka saurare ni, yau ni ce babba. Ka rage gishiri. Kifin nan busasshe mai gishiri da kake so a miyar kwakwa, ka bar shi. Giyar da kake zuba wa kakanni ka zuba musu duka, kada ka rage wa kanka kurɓi a gindin kwalba kamar yadda ka saba. Kada ka bari wani ya tsaga maka jiki ya zuba baƙin gari. Ka nemi mota a kai ka Kumasi a auna jininka.

Na san halinka, ba za ka gaya wa kowa ba, za ka ɗaura zane ka fita fada kana ta zuba zance har ka faɗi a gaban mutane. Don haka na rubuta wa Gyamfi. Ban yi dogon bayani ba. Na ce masa ya riƙa zuwa fada duk ranar zama, ya tsaya kusa, ya lura da bakinka da hannunka, in ya ga baki ya karkace ko hannu ya saki ya ɗauke ka ko kana so ko ba ka so. Ka yi fushi in ka ga dama. Gara fushinka da gawarka.

'Yarka,
Birago

Bremaso, watan Afrilu

Birago,

Na gaishe ki. Lafiyata ƙalau, kuma wannan ita ce matsalar.

Wayyo ni! Me kika yi haka? Ba ni ba ne, 'yar nan, ba ni ba ne! Ni da na raba rigimar gona da magana ɗaya, na ce Nana ya ce duk ku biyun kuna da gaskiya shi ya sa duk ku biyun kuka yi laifi, har mutane suka yi ta maimaita ta a kasuwa, yau ga 'yar ƙanwata ta kasa gane ni. Ba laifinki ba ne. To bari in yi abin da ban taɓa yi ba, in kira abin da sunansa.

Nana ne. Bayan an gama girbin koko, wata safiya ana ɗaura masa zane, sai ya sulale. Da ya farfaɗo, ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa. Kin san abin da nakan ce in yana magana a fada, bayan kowace gaɓa in ce, “Haka ne.” To ita ce ta maƙale a bakinsa. Kana jin yunwa? Haka ne. Ka ƙoshi? Haka ne. Ba ya iya faɗin komai sai ita.

Magajiya, yayarsa, ta tara mu a ɗaki, ni da masu yi masa hidima. Ta ce, “In gidan Asare masu haƙon kujerar nan suka ji wannan, gobe za su cire masa takalmi.” Kin san al'ada, mai naƙasa ba ya zama kan kujera, kuma ranar da tafin ƙafar sarki ya taɓa ƙasa sarauta ta ƙare. Ɗanta da take so ya gaje shi yana karatu a ƙasar waje, tana so a ja lokaci har ya dawo. Na ce, “Ranki ya daɗe, in an zo da ƙara fa, wa zai yi magana?” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Dankwa, da can wa ke yi?”

Ga yadda muke yi. Muna zaunar da shi tun kafin a buɗe ƙofa. Hannun dama mun cika shi da zinariya, wani yana tallafe da shi, ba mai mamaki tunda dama haka ake yi wa hannun sarki. Mai fifita yana kare gefen bakin. Ni in sunkuya, shi ya yi gunaguninsa, in miƙe in ce, “Nana ya ce.” Sai in faɗi abin da na ga ya dace, ko abin da Magajiya ta shirya. Wani tsoho har ya ce mini hikimar Nana ta ƙaru bana. Na yi dariyar dole.

Abu biyu ke ba ni tsoro. Na farko rantsuwa. Ranar da aka ba ni sanda an kai ni bakin kogi na sha ruwa a ƙwarya, aka ce, ranar da ka sa maganarka a bakin Nana, ko ka ɓoye tasa a cikinka, ruwan nan ya neme ka. Ke mai zuwa coci ce, za ki ce camfi. Ni na ga yadda wanda ya riƙe sandar kafin ni ya mutu, jikinsa ya cika da ruwa tun daga ƙafa. Na biyu idon Nana. In na miƙe ina cewa Nana ya ce, ina jin idon nan a ƙeyata.

Yanzu ga Gyamfi. Tun da takardarki ta same shi yake zuwa fada, yana tsayawa daf da mu yana leƙen bakina. Jiya na ga idonsa ya bar bakina ya koma kan na Nana, ya daɗe a can. Na tare shi a hanya na ce, “Me kake nema a fada kamar mai bin bashi?” Ya ce, “Kawu, bakinka lafiya lau. Ba naka ne ya karkace ba.” Na ce ya rufe mini baki, ya ce to. Kin san darajar “to” ɗin Gyamfi in ya ga tulun bammi.

Ki rubuta masa yau, ya fi jin maganarki. Sannan ki gaya mini gaskiya: mutumin da wannan ciwo ya kama, yana gane abin da ake faɗa?

Dankwa

Tamale, watan Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta makara ƙwarai, jirgin fiton da ke haye da motoci ya lalace, jakar gidan waya ta yi ta zama a bakin ruwa. Da na ga ranar da ka rubuta ta sai jikina ya mutu. Na rubuta wa Gyamfi nan take, amma ban san wadda za ta riga isa ba, takardata ko bakinsa. Kawu, ka yafe mini. Da ka faɗa mini kai tsaye da ba a kai ga haka ba, amma yanzu ba lokacin raba laifi ba ne.

Ka tambaye ni ko yana ganewa. Ba zan yi maka ƙarya ba. Da yawansu suna ganewa sarai. Muna da wani tsohon direba a nan, ba abin da yake iya faɗa sai sunan matarsa, amma in aka yi maganar sayar da motarsa a gabansa sai hawaye. Kalmar da ta rage ba ita suke nufi ba, ita ce kawai ƙofar da ba ta rufe ba. Don haka ina jin duk abin da ka faɗa da sunan Nana ya ji shi.

Ga abin da muke yi. Ka sami lokacin da ba kowa, ka sa hannunka a hannunsa na hagu. Ka ce masa in e ne ya matse, in a'a ne ya saki. Ka fara da abin da ka san amsarsa, kamar sunansa da sunan garin. Kada ka saurari bakinsa ko kaɗan, hannun za ka saurara. Tambaya ɗaya-ɗaya, gajera, ba irin taka mai rassa ba.

Maganar ruwan kogi kuwa, ciwon zuciya ko na ƙoda ke kumbura mutum. Na faɗa maka haka, amma ni ma tun da na karanta nake jin tsoro. Ka gaya mini halin da Gyamfi ke ciki.

Birago

Bremaso, watan Yuni

Uwata,

Na gaishe ki. Mahaifiyarki ba ta cin abinci, ni ma sai a hankali. Takardarki ta iso, amma bakin Gyamfi ya riga ta.

A wajen makokin wani dattijo ne, gari duk ya hallara. An sha bammi, wani ya soma yabon hikimar Nana, sai yayanki ya kwashe da dariya ya ce, “Wace hikima? Hikimar kawuna dai! Nana ai ko sunansa ba ya iya faɗa.” Aka ce ya janye, ya ce ba zai janye ba, a je a tambaye shi. Kafin rana ta faɗi maganar ta kai kunnen Magajiya.

An kama shi da laifin zagin kujera. Za a yanke hukunci ranar Adae, bikin kakanni mai zuwa, a gaban kowa da kowa. Magajiya ta kira ni ta shirya mini abin da zan faɗa: “Nana ya ce, wanda ya ce ba na magana maƙaryaci ne. Ya bar garin nan har abada, gonarsa ta koma hannun kujera.” Na durƙusa na ce, “Ranki ya daɗe, ɗan ƙanwata ne, shi ne magajina.” Ta ce, “Shi ya sa za a yarda. In ociyame ya kori jininsa, wa zai ƙara shakka?” Na ce a ci shi tarar tunkiya mana. Ta ce, “Tunkiya ba ta rufe bakin gari. Kuma ka tuna, in tulun nan ya fashe, kai ne ka fi kowa jiƙewa. Ni ban taɓa cewa Nana ya ce ba.”

Mahaifiyarki ta zo ta zauna a ƙofar ɗakina. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yaya, da bakinka za ka kore shi?”

Na yi abin da kika ce. Da safe bayan an yi masa wanka na sallami masu hidima, na sa hannuna a nasa. Na ce, “Sunanka Ampem?” Ya matse. Na ce, “Nan Kumasi ne?” Bakinsa ya ce haka ne, hannun ya saki. Ashe mutumin yana ciki duk watannin nan, yana zaune yana jina.

Na ce, “Nana, ka ji abin da aka shirya wa Gyamfi?” Ya matse. “Kana so in faɗe shi?” Ya saki, har ya ture hannuna. Na ce, “Kana so in yi shiru?” Ya saki. Na ce, “Kana so in gaya wa mutane halin da kake ciki?” Ya matse har yatsuna suka yi ƙara. Na ce, “Za su cire maka takalmi fa.” Bai saki ba.

To ga inda na tsaya. A karon farko tun da ya faɗi ina da saƙo na gaskiya daga Nana, kuma saƙon shi ne, Nana ya ce ba ya magana. Ki juya shi ki gani. In sun yarda da ni, sun yarda ke nan ƙarya nake yi musu tun girbi, maƙaryaci kuwa don me za a yarda da shi yau? In ba su yarda ba, Nana yana magana ke nan, Gyamfi ya tafi. Irin wannan ƙullin zance nake ɗaure mutane da shi a fada ana yi mini tafi. Yau a wuyana yake, kuma na rasa bakin zaren.

In na faɗi na Magajiya, na sa maganata a bakinsa. In na yi shiru, na ɓoye tasa a cikina. Duk biyun na sha ruwa a kansu. Jiya da zan sa takalmi sai na ji ya matse ni. Wataƙila fata ce ta sha damina.

Ina jin tsoro, Uwata.

Dankwa

Tamale, watan Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai wata abokiyar aikinmu ta dawo daga haihuwa. Na tsaya a gaban babbarmu kamar in fasa ihu.

Me zan ce maka? In na ce ka ceci Gyamfi, na san samarin fada, na san abin da za su iya yi wa wanda ya tona asirin Magajiya. In na ce ka ceci kanka, da wane ido zan dubi mahaifiyata? Ni na tura shi ya leƙa bakinka.

Ni ban iya ƙulla zance ba, abu ɗaya na sani. Nana ba shi da kowa sai kai. Duk wanda ke kewaye da shi bakinsa yake saurare, kai kaɗai ka ji hannunsa. In ka tsaya a gabansu kada ka yi wa maganar ado, kada ka shafa mata mai. Ka faɗe ta gajera yadda marar lafiya zai gane, don shi ma yana saurare. Kuma ka tsaya ta gefen hagunsa inda zai iya kai hannu gare ka.

Ka danna yatsa a ƙaurinka. In ramin ya zauna bai cike ba, ka gaya mini.

Birago

Tamale, watan Yuli

Kawu, shiru. Na san Adae ya wuce. Kullum ina zuwa tashar motocin Kumasi ina tambayar direbobi, wani ya ce ya ji an yi rikici a wani gari ta wajenku amma bai san sunan garin ba. Gyamfi bai rubuto ba, kai ba ka rubuto ba. Ko layi ɗaya ne ka aiko. In ba ka iya riƙe alƙalami, ka sa wani ya rubuta mini cewa kana da rai.

Birago

Ƙauyen gona, bayan Bremaso, watan Yuli

Uwata Birago,

Na gaishe ki, kuma ina da rai. Gyamfi yana gonarsa. Mahaifiyarki ta koma cin sakwara da kukan gwiwa. Ki yi haƙuri da shirun, a nan ba gidan waya sai an sami mai shiga gari.

Ranar Adae fada ta cika har kan katanga. Aka buga ganguna, aka buɗe laima, aka kawo Gyamfi ya tsaya ba takalmi, zane a ƙugu. Magajiya tana zaune a kujerarta ba ta ko ƙifta ido. Na koma gefen hagu kamar yadda kika ce. Na sunkuya, Nana ya yi gunaguninsa, na miƙe.

Na ce, “Nana ya ce ba ya iya magana. Tun girbi ciwo ya ɗauke masa harshe. Duk abin da na faɗa muku da sunansa tun daga lokacin, ba shi ya faɗa ba. Gyamfi bai yi ƙarya ba.”

Wuri ya kaure da hayaniya. Dattijo Asare ya miƙe ya ɗaga hannu aka saurara. Ya ce, “Ociyame, mun san ka da iya zance, amma wannan ta yi mana zurfi. In Nana ba ya magana, da wane baki ya ce maka ba ya magana?” Wasu suka yi dariya. Na ce da hannu ya gaya mini, dariyar ta ƙaru. Wani daga baya ya ce, “Ɗan ƙanwarsa yake so ya ceta!”

Sai Magajiya ta yi abin da ba a yi, ta tsallake ni ta yi masa magana kai tsaye. Ta ɗaga murya ta ce, “Nana, ƙanena, mutumin nan ba ƙarya yake yi maka ba?”

Na ga yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, yana so ya riƙe ta. Ta fi ƙarfinsa. Ta fito da ƙarfi kowa ya ji: “Haka ne.”

Mutane suka yi sowa, Nana ya yi magana, Nana ya ƙaryata shi! Na ga samarin fada suna matsowa. Na ga Gyamfi ya rufe ido. Na ce a raina yau kogi ma ba zai samu abin nema ba.

Sai na ji an kama gefen zanena. Hannunsa na hagu ne. Ya riƙe ni gam ya jingina da ni, hawaye na bin fuskarsa. Ya zare ƙafarsa ta hagu daga takalmi a hankali. Mai kula da takalman ya yi tsalle zai tare, bai kai ba. Nana ya sauke ƙafar daga matashi ya dasa tafinta a ƙasa, ya danna, ya bar ta a nan.

Wata tsohuwa ce ta fara rusa kuka. Asare ya tako a hankali, ba dariya a fuskarsa yanzu. Tunda ƙafa ta taɓa ƙasa kowa na iya yi masa magana. Ya durƙusa ya ce, “Ampem, tare muka yi wasan ƙasa da kai. Yaya sunan mahaifiyarka?” Ya ce, “Haka ne.” Asare ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan. Sai Asare ya ja zanensa ya rufe fuska.

Da ya miƙe sai ya juyo gare ni, don a fada abu bai faɗu ba sai ociyame ya faɗe shi. Ya ce, “Ociyame, me Nana ya ce?” Na ce, “Kun gani da idonku. Ba ni da abin ƙarawa.” Na kwantar da sandar a gabansa.

An saki Gyamfi a wurin. Ni dattawa sun ci ni tarar tumaki, sun hana ni taka fada har in mutu. Magajiya ba ta fita, ba ta kuma karɓar gaisuwa. Ampem ya nuna da hannu cewa gona yake so, ba a sami mai binsa ba, na biyo shi. Ina ba shi abinci, ina yi masa aski. Rannan wani ya zo gaishe shi ya tambaye shi jiki, na buɗe baki zan amsa masa, sai ya ɗora hannu a kan bakina. Muka yi ta dariya, shi da rabin fuska.

Na danna yatsa yadda kika ce. Ramin ya zauna. Kumburin ya wuce ƙauri ya kai gwiwa, kuma in na kwanta numfashi yana yi mini wuya. Ke ki ce zuciya ce, ni ban sani ba. Na faɗi gaskiya sau ɗaya, ƙarya kuwa na yi ta wata da watanni, ban san wadda kogi ya ƙirga ba.

Ki zo, Uwata, ki zo da abin awonki. Wannan karon ba wani nake nufi ba. Ni ne.

Kawunki,
Dankwa